Koren Zare a Wuyan Riga

Litinin, 3 ga Maris

Kai da ka buɗe littafin nan ba da izinina ba, amsa mini: ka taɓa jifan mutum don kawai ka ga ana jifa? Kar ka yi saurin rantsuwa.

Yau a shagonmu na ɗinkin littattafai Maigida ya jibge mini tsoffin jaridu in ɗinke, in yi musu bango. Wai aikina allura da gam, ba karatu ba. To da me na koyi karatun, in ba da shafukan da nake ɗinkewa ba? A ciki na ci karo da labarin layinmu, shekara arba'in da ɗaya baya. Yarinya 'yar shekara shida, an tsinci gawarta a tankin ruwa. Bayan kwana biyu jama'a suka kashe Mai Wanki da duwatsu, saboda an ga ɗankunnenta a gwangwaninsa. Ba kotu, ba tambaya. Sadara huɗu jaridar ta ba shi.

Laraba, 5 ga Maris

Na tambayi Inna. "Wa ya aike ka?" Ta ci gaba da yanka albasa. Kawu kuwa cewa ya yi, "An yi adalci, ɗana, bar shi." Bai kalle ni ba. Mutumin da ko kaza ta tsallaka titi sai ya yi awa yana labari!

Asabar, 8 ga Maris

Na nemo 'yar Mai Wanki. Tana ɗinkin kayan makaranta bayan kasuwa, ta yi furfura. Ta ce babanta ba ya jiƙa riga sai ya zazzage aljihu. Abin da ya samu, maɓalli ko biro, sai ya ɗaure shi da zare irin wanda ya yi wa rigar alama a wuya, ya jefa gwangwani har mai shi ya zo. Ɗankunnen yarinyar koren zare ne a jikinsa. Ke nan daga aljihun wani ya fito. Ya yi ta faɗa musu, babu mai saurare.

Jinina ya tafasa, na miƙe. Ina jin ta tana cewa, "Tsaya mana, ɗan nan, ban gama ba." Me ya rage?

Lahadi, 9 ga Maris

Ina zaune a shagon aski sai tsohon Direba, na ƙarshen layi, ya zo aski. Ya rataye kwat ɗin nan tasa da ta girme ni. Na juya wuyanta. Kore.

Dama mutumin nan ba ya gaisuwa, ba ya kallon yara. Yana fita na faɗa, da ƙarfi, gaban mutum bakwai, cewa shi ya kashe yarinyar nan. Mai Aski ya ce, "Kai, Sarkin Baki, ka tabbata?" Na ce ni karantawa na yi, ba ji na yi ba.

Litinin, 10 ga Maris

Wani ya tare ni yana ba ni labarin, wai har Direban ya amsa laifi. Yaushe?

Talata, 11 ga Maris

An fasa masa taga. An rubuta abu a ƙofarsa, ba zan maimaita ba.

Da rana sai ga 'yar Mai Wanki a shagonmu, da allurai a maƙale a hannun rigarta. Ko sallama ba ta gama ba.

"Zare kala biyar Baba yake da shi, masu kawo wanki sun fi sittin. Kala ta layi ce. Yawan ƙulli ne ke nuna gida. Kore na layinku ne kaf, har gidan kakanka."

Na ce to ƙulli nawa ne a ɗankunnen?

"Tambayi wanda ya buɗe gwangwanin. Shi ya tsinke zaren." Ta dube ni sama da ƙasa. "Su ma haka suka tashi kafin Baba ya gama magana."

Na koma gida, na buɗe akwatin Inna, na ciro rigar marigayi Kaka. Kore.

Alhamis, 13 ga Maris

Kwana biyu ke nan ina wuni a bencin ƙofar Direba, na kwaso ɗinkina can. Ba gadi nake ba, inuwar wajen ce ta fi. Matasa sun zo sau biyu, suka gan ni, suka yi tsaki suka koma. Ɗazu ya miƙo mini ruwa ta fasasshiyar tagar. Na karɓa na sha.

Ban ce ba Direban ba ne. Kuma har yanzu ban yarda da shirun Kawu ba. Jiya maganar zarginsa ta zo mini har baki. Na haɗiye.

Na manna takarda a bangon shagon aski, da babban rubutu. Wanda ya buɗe gwangwanin nan, in yana raye, ya fito ranar Lahadi gaban 'yar Mai Wanki da duk mutanen layi. Ni zan fara tsayawa in janye abin da na faɗa a wurin. Sannan shi ya gaya mana: ƙulli nawa ya gani, kuma me ya sa ya tsinke zaren?