Minti Nawa a Ƙasa

Litinin, 3 ga Maris

Sistar asibitin yara ce ta ce in sayi littafi in riƙa rubuta abin da yaron nan yake yi kullum. Watansa goma sha bakwai, bai taka ba. Ko miƙewa ban taɓa ganin ya yi ba. Ta lallatsa ƙafafunsa, ta lanƙwasa gwiwoyin, ta ce ita dai ba ta ga komai ba. Amma in uku ga watan gobe ta yi bai tsaya ba, za ta tura mu babban asibiti a ɗauki hoton ƙugunsa. Ta ce bayan mako biyu in leƙo da littafin.

Na ce mata rubutuna ba kyau. Ta ce ai ba jarrabawa ba ce.

To, yau: ya ci rabin ayaba, ya shafa min rabi a ɗankwali. Ya ce "mota". Bai tsaya ba.

Laraba, 5 ga Maris

Babansu ne ya sa masa Alƙali, saboda yadda yake zama ya ɗaure fuska yana bin kowa da ido. Yayarsa kuma Rediyo. Shekararta shida, ba ta da makunnin kashewa.

Da yamma babansu ya dawo daga shagon gyaran firij, hannu duk baƙin mai, ya durƙusa gaban yaron ya ce, "Ranka ya daɗe, yaushe za a tashi kotu?" Alƙali ya dube shi sama da ƙasa, ya miƙa masa cokali. Rediyo ta ce hukunci ke nan, an ɗaure Abba shekara goma.

Haƙora takwas. Yana nuna hancinsa in an tambaye shi. In an ce kunne ma hancin yake nunawa.

Asabar, 8 ga Maris

Wanki. Na goya shi na yi. Na zubar da ruwan, na kife bokitai ukun, na ja ƙofar banɗaki na sa sakata. Na koma na duba. Na sake komawa.

Talata, 11 ga Maris

Na haɗu da matar da ke ƙasa da mu a matakala. Ta leƙa bayana ta ce, "Har yanzu maigidan naki bai sauko ba? Yayarsa mai rasuwa ba wata goma ta taka ba?" Sai ta kama bakinta. Na ce haka ne, na wuce.

Haka ne ɗin. Wata goma da kwana shida. Walƙiya muke ce mata, don kafin ka juya ta ɓace. Ni na koya mata. In tsuguna a bakin gado in buɗe hannu, ta taho tana tangal-tangal tana dariya. Duk wanda ya shigo sai na ce tsaya ka ga abin mamaki. Har waya nake bugawa in ba da labari.

Watanta goma sha uku ranar. Na jiƙa kayan makarantar Rediyo a bokiti, na fita baranda in kwashe shanya don hadari ya taso. A kan tabarma na bar ta da murfin tukunya tana bugawa. Riga nawa na kwashe? Biyar ko shida. Ruwan ko rabin bokitin bai kai ba.

Shekara uku ke nan saura wata biyu. Ban taɓa rubuta shi ba sai yau, kuma ga shi layi huɗu ya cinye duka.

Alhamis, 13 ga Maris

Ya koyi cire hula ya jefar. Sau tara na ɗauko. Bai tsaya ba.

Litinin, 17 ga Maris

Na kai wa Sista littafin. Na naɗe shafin ranar Talata, ta ga naɗin, ta tsallake ba ta buɗe ba. Allah ya saka mata.

Ta karanta ta ajiye tabarau. Ta ce in kina girki yana ina? Na ce a bayana. In kina shara? A bayana. In kina ɗinki? Na ce a cinyata, na saba taka keken haka. Ta ce, "To Maman Alƙali, a bayan naki zai koyi tafiyar?" Ta yi dariya, ni ma na yi, don kar a ce.

Ta ce in ƙara layi ɗaya kullum: minti nawa ya yi a ƙasa, shi kaɗai, ba hannu a jikinsa.

A hanya na yi ta jin haushinta. Kamar ni za a koya wa raino. Uku na haifa.

Talata, 18 ga Maris

Minti goma. Simintin da sanyi, kuma yana ɗan tari.

Laraba, 19 ga Maris

Minti shida. Ya kama ƙafar keken ɗinki zai ja jikinsa sama, na ɗauke shi. Akwai allurai a wurin.

Juma'a, 21 ga Maris

Takwas. Ban san inda yinin yake tafiya ba.

Lahadi, 23 ga Maris

Bari in rubuta yadda aka yi.

Da hantsi na ba babansu yaron na shiga wanka. Sai na ga sabulu ya ƙare, na ɗaura zani na fito ba takalmi. Ƙofar falo a buɗe take kaɗan. Na ji Rediyo tana magana ƙasa-ƙasa, ita da ba ta san ƙasa-ƙasa ba. Cewa take, "Yi sauri, ɗan gari, kafin Umma ta fito."

Yana tsaye. A kan ƙafafunsa biyu. Ya dafa doguwar kujera yana bin ta a kaikaice, taku, ya ja ɗayar, taku, ya ja ɗayar. Rediyo na can ƙarshe tana kaɗa masa makullin shago. Babansu na zaune a ƙasa, hannunsa a bayan yaron amma bai taɓa shi ba.

Alƙali ne ya fara ganina. Nan take ya saki kujerar ya zauna daɓas, ya ɗago min hannu biyu in ɗauke shi. Kamar wanda aka kama da sata.

Rediyo ta ce, "Ba laifinsa ba ne, ni na sa shi." Na ce tun yaushe? Babansu ya ce tun kafin in sayi littafin. Kullum in na shiga wanka. Na ce kuma ka bar ni ina ta jelen asibiti? Ya ce, "Na ɗauka ko Sista za ta iya faɗa miki abin da na kasa."

Sai Rediyo ta ce, "Umma, ai in ya miƙe wata irin ƙara kike yi, kamar an taka ki. Shi ya sa yake tsoro."

Ban san ina yin wata ƙara ba. Wallahi ban sani ba. Na rubuta a shafin farko cewa ban taɓa ganin ya miƙe ba. Yanzu ina tunanin sau nawa na ɗauke shi kafin gwiwarsa ta gama miƙewa.

Litinin, 24 ga Maris

Ban yi wa kowa magana ba. Ko minti ɗaya bai sauka ba.

Laraba, 26 ga Maris

Da safe, bayan Rediyo ta tafi makaranta, babansu bai fita da wuri ba. Ya zauna yana juya shayin da ya riga ya huce. Ya ce sakatar banɗaki da nake dubawa sau biyu, in na bar wurin shi ma yakan je ya duba na uku. Ban taɓa lura ba. Shi ya mayar da ita can sama tun wancan lokacin, har ni sai na yi ɗage.

Na ce masa ƙafarta ce ta kai ta. Da ban koya mata da wuri ba, da a kan tabarmar zan dawo in same ta.

Can ya ce, "Ni ma ƙafar ce take kawo min ita bakin ƙofa kullum in na dawo. Wata uku. Ba zan mayar da su ba ko an ce in mayar."

Ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya fita, ya bar wayarsa a kan tebur. Sai da ya dawo ɗauka.

Asabar, 29 ga Maris

Na kwashe allurai na zuba a gwangwani. Na ajiye shi kusa da kujera, na zauna a ƙasa, na danne hannuwana a ƙarƙashin cinya.

Ya kama kujerar. Ya juyo ya dube ni. Ya ɗan ɗaga, ya sake dubana. Na ji abin yana tasowa daga ƙirjina, wannan karon na ji shi, na haɗiye. Na ce masa, "Yauwa." Muryar ba ta fito daidai ba, amma ya karɓa.

Ya tsaya. Ya fi yadda nake zato tsawo.

Minti arba'in.

Talata, 1 ga Afrilu

Ya faɗi ya bugi goshi a ƙafar tebur. Ya yi kuka, ni ma na yi, Rediyo ta ce to wa za a fara lallashi? Ƙulun ya kai ƙwan tantabara. Kafin in gama matse tsumma ya koma ya kama teburin.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Asibiti. Ya dafa teburin Sista ya miƙe, ya janyo biron aljihunta. Ta ce ba hoton da za a ɗauka, ƙugun nan lafiyarsa lau. Bai saki hannu ba tukuna, ta ce a ba shi lokaci. Ta tambaye ni me ya canza. Na ce simintin ne ya daina sanyi. Ta dube ni ta saman tabarau.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Taku huɗu, ba dafa komai. Ba wurina ya nufo ba, ƙofar falo ya nufa, ya ba ni baya. Banɗaki na can ƙarshen lungun, a kulle, na sani, na duba. Sau ɗaya na duba yau, don aiki ya yi min yawa.

Ƙirgawa na yi. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, sai daɓas. Rediyo ta ruga baranda tana sanar wa duk unguwa. Babansu ya ce an tashi kotu.

In ka kalle shi ta baya, tafiyarsa irin ta Walƙiya ce, hannun hagu a sama. Na kalla har ya zauna.

Ban ƙirga mintocin ba, na manta. Zanen goyo yana kan igiya tun shekaranjiya. Ya bushe. Ban dai samu sukunin kwashewa ba ne.