Jikata Ta Zo Ranar da Aka Gwada Bam

Yaya, matar ɗana Auta ta sauka, an samu mace, mai dogayen yatsu irin na marigayiya Inna. Af, ko gaishe ki ban yi ba. Yaya ƙafar taki, yaya yara?

Da na fito daga asibiti na tarar 'yan ƙasar nan da muke baƙunta sun cika titi, ana ta rungumar juna. Na ɗauka labarinmu ne ya bazu, har ina ɗaga hannu ina godiya. Maigidan da nake yi wa guga ya ce, "Tsoho, sauke hannunka. Bam ɗin nukiliya muka gwada. Daga yau in manyan ƙasashe sun zauna, sai an ba mu kujera." Na ce wa za ku jefa wa? Ya ce ba na jifa ba ne, na maganin raini ne.

Tun daga ranar, duniya ta juya wa ƙasar baya. Jirage sun daina sauka, madarar jarirai sai an sha layi, ga nonon uwar bai kawo sosai ba. Kada ki damu, ni nake bin layin, gwiwar tana ɗan haƙuri.

In na ɗauki jaririyar a bakin taga, sai in riƙa ganinta tana tatata a tsakar gidanmu, kina riƙe da hannunta, iska na kaɗa shanya.

Da hannuna na rubuta wannan, karatun yamma bai tafi a banza ba. Allah ya buɗe hanya. Ranar da jirgi ya sauka, ku taho dukanku ku ga amaryata kafin ta fara ƙyuya.

Ƙaninki