Allon Tashar Pantybrain

Litinin, 4 Maris 1996
Baƙon nan da ya sayi gidan Pugh, Mista Ashworth, wai tarihin tasharmu yake rubutawa. Shekara biyu kacal da zuwansa daga Ingila. Ni da aka haifa taku hamsin daga layin dogo, babu wanda ya tambaye ni.

Laraba, 6 Maris
Na gan shi ta taga yana awon dakalin tashar da igiya. Me ya rage a wurin ban da ƙaya da kashin tumaki? Tun 1964 rabon da jirgi ya tsaya. Allah ya sa ƙayar ta yaga masa wando.

Lahadi, 10 Maris
Bayan coci ya karanta mana abin da za a sa a allon da kwamitin ƙauye zai kafa. "An buɗe tashar a 1929 bisa karamcin Kanar Vaughan, mai gandun Plas." Har da tafi! Elfed mai shago ya fi kowa, shi wanda uwarsa ta tsaya kan layin dogon tare da Mam, mahaifiyata.
Na miƙe na ce, "Ƙarya ce."
Mista Ashworth ya ce, "Misis Prydderch, haka takardun kamfanin jirgin suka nuna."
Na ce, "To takardun su dafa maka shayi."
Menna ta ja ni waje. "Haba Mam, a gaban fasto?" 'Yar da na haifa.

Alhamis, 14 Maris
Kanar! Abin da ya yi kawai, ya zo da hula ya yanke ƙyalle.
Ina da shekara huɗu lokacin da maƙogwaron ƙanena Idwal ya toshe. Jirgi na wucewa ta ƙofar gidanmu sau shida a rana, ba ya tsayawa. Mam ta naɗe shi a bargo ta taka mil biyar cikin ƙanƙara zuwa wurin likita. Ta dawo da shi a bargon, ba rai. Daga nan ta fara rubuta wa kamfanin wasiƙa a yi mana tasha, shekara uku, suna amsawa da layi biyu. Ƙarshe ita da mata goma sha ɗaya suka tsaya kan layin da kwandunan ƙwai, ranar kasuwa, har direba ya ja birki. Haka muka samu tasha. Wannan ba ya cikin takardunsa.
Amsoshinsu suna cikin gwangwanin biskit a saman kabad. Ba zai gani ba. Ba kayan kallo ba ne.

Juma'a, 15 Maris
Ya ƙwanƙwasa sau uku. Na ƙara muryar rediyo.

Talata, 19 Maris
Menna ta ce ranar Litinin za a kai rubutun wurin masu zane. "Idan an kafa da sunan Kanar, ke kika jawo, Mam. Kin fi son fushin da gaskiyar." Na ce ta kwashe miyarta ta tafi. Ta tafi kuwa, ta bar miyar.

Asabar, 23 Maris
An yi ruwa. Ya sake zuwa, na bar shi a tsaye a ƙofa har ya jiƙe, sannan na ce ya cire takalmi. Na ajiye gwangwanin a tebur, na ce da ido kawai, ban da hannu. Ni na riƙa buɗe masa ɗaya bayan ɗaya. A ta tara ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa.
Ya ce, "Yaya sunan yaron?"
Tun rasuwar Mam ban furta shi ba. Sai da na faɗa sau biyu kafin ya fito daidai.
Ya nemi sunayen matan. Tara na tuna. Biyu sun ɓace mini, na yi ta juya su har shayin ya huce.
Har yanzu mai shisshigi ne, kuma yana kiran Pantybrain kamar mai tauna dutse. Gobe bayan coci za mu bi maƙabarta tare, ko duwatsun za su tuna mini da sauran biyun. Na ce ya zo da lema, ba zan ba shi tawa ba.