Suna Son Littafin da Nake Rubuta Sirrina

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara. Alheri ne ya same ni, amma ya ɗaure mini kai.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina karɓar jakunkunan ɗalibai a ƙofar ɗakin karatu na wata jami'a. Karatuna bai wuce sakandare ba. Ɗabi'ata ce duk abin da na gani in rubuta a littafina, da rana da lokaci. Ɗalibai kuwa a gabana suke mitar shafin intanet na ɗakin karatun: a waya rubutun kamar tururuwa, wurin neman littafi ya maƙale a gefe, ka taɓa wannan, wancan ya buɗe. Wata mai goyo sau uku tana hawo mota don abin da ya kamata ta duba daga gida. Duk na rubuta, ƙorafi ɗari biyu da goma sha huɗu.

Rannan shugabarmu ta same ni ina rubutu. Na karanta mata shafi biyu. Wallahi ba ta yi dariya ba, kujera ta jawo ta zauna. Yanzu an kafa kwamitin gyara shafin intanet ɗin, ta sa sunana cikin na malamai. Allah ya saka mata.

To, ta ce in kawo littafin a kwafa wa kowa. Anti, a cikinsa akwai rigimata da yayana, da ciwon matata, har da ranar da na rubuta cewa ita shugabar ba ta amsa gaisuwa. In na hana, na yi butulci. In na sake rubutawa, kamar ha'inci ne. Ko dai in janye? Wane ni cikin masu digiri?

Mai tsaron jakunkuna

Malam, barka da arziki. Shugabarka tana da gaskiya, masu gyara shaida suke so, ba ji-ta-ji-ta ba. Kai ma kana da taka: ciwon matarka sirrinta ne, ba ka da ikon raba wa kwamiti.

Samo sabon littafi ka kwashe ƙorafe-ƙorafen da ranakunsu, kada ka gyara ko kalma ɗaya. Ka gaya mata gaskiya, tsohon ya cakuɗe da maganar iyali. Wannan ba ha'inci ba ne, tankaɗe ne, kuma mai hankali irinta ba za ta ja maganar ba.

Batun janyewa kuwa, kul! Malaman a kan kwamfutar ofis suka san shafin, kai ka san yadda yake a hannun ɗalibi. Ranar taro ka miƙa wa babbansu wayarka, ka roƙe shi cikin ladabi ya nemo maka littafi ɗaya a shafin. Sai ka zuba ido, wahalar da zai sha ta ishe ka shaida.

Allah ya ba maiɗakinka lafiya, ya daidaita ka da yayanka.