Ƙashin Da Ya Bi Kan Rago

Suleja, 9 ga Mayu, 1994

Zuwa ga 'yata Umaima,

Ina gaishe ki da kyau. Ya karatu, ya zafin Bida? Mu nan lafiya lau, innarki tana gaishe ki.

Wasiƙarki ta iso. Kin ce ƙasusuwan wuya ne suka kayar da ke a jarrabawa, kuma in kika sake faɗuwa za a sallame ki daga makarantar jinya. Hankalina ya tashi, ba zan ɓoye miki ba. Amma a ce wuya ya kayar da 'yar mai yanka? Shekara talatin ina yanka ragon suna a unguwar nan, wuya kuwa rabona ne, da romonsa kika girma.

Na tambayi maƙwabciyarmu Nnenna mai aikin asibiti, ta ce rago da mutum duk ƙasusuwa bakwai-bakwai ne a wuyansu. Ran Asabar aka yi suna gidan Hashim tela, na kawo wuya aka dafa shi luguf, na tsare tukunya na hana kowa tauna ƙashi. Ina ƙirgawa, shida! Nan take na ɗora wa innarki laifi, don kin san ta da gwaguyar ƙashi. Ta rantse, ta yi fushi, tuwona ya zo ba man shanu.

Ashe mai fiɗa ne ya bar ɗaya manne da kai, kai kuwa rabon ungozoma ne. Haka na zura babbar riga na tafi gidan Gwaggo Yalwa ungozoma roƙon ƙashi. Tsohuwar nan ta yi dariya har da hawaye, sannan ta tsamo min shi daga farfesunta.

Na wanke su, na shanya, na jera a igiya, na ba Bola direba ya kawo miki. Na farko kamar zobe yake, shi ke ɗauke da kai. Na biyu yana da ɗan turke wanda na farkon ke juyawa a kansa in za ki waiwaya. Na bakwai kuwa, sunkuya ki shafa ƙasan ƙeyarki za ki ji naki. Ki riƙa taɓa su da hannu, kada ki tsaya ga haddar littafi kawai.

Allah ya ba ki sa'a.

Mahaifinki,
Malam Almu

Suleja, 27 ga Yuni, 1994

'Yata Umaima,

Ina fata kina lafiya kamar yadda muke. Alhamdu lillahi! Sau uku na karanta inda kika ce kin ci, idona ya kawo ruwa a gaban Bola, ban kuma ji kunya ba. Na ba innarki haƙuri yadda ya kamata, man shanu ya dawo.

Gwaggo Yalwa tana bin gida-gida tana cewa farfesunta ne ya ci jarrabawa. Jiya ta zo da kanta. Ta ce hannunta ya fara rawa, ta daɗe tana tunanin wa za ta bar wa matan unguwa. Ki gama ki dawo ki tsaya kusa da ita wajen karɓar haihuwa, in ji ta, kuma kan ragon farko da za a ba ki, ita za ta dafa miki.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Malam Almu