Na Rubuta Sunan Surukata a Gefen Aya

Mama, ki taimake ni, gidana na neman watsewa saboda na riƙe maganar annabawa da gaske.

Ni tela ne. Shekara huɗu ke nan telan da shagonsa ke kallon nawa ya baza cewa ina rage yadin mutane, har masu ɗinkina suka koma wurinsa. Ban rama ba. Fasto ya koya mana cewa Allah ba ya mance zalunci, sai na buɗe Littafi Mai Tsarki na nemo inda annabi ya yi wa maƙaryata kaito, na rubuta sunansa a gefe da jan biro. Na kuma jawo keken ɗinkina bakin ƙofa don kada ranar hukuncinsa ta wuce ni. Mama, mutumin nan ƙiba yake yi. Bara ma ya sayi keke na uku.

Da na ga abin yana sanyaya mini rai, sai na ƙara mai gidan hayarmu, da shugaban mawaƙa da ya mayar da ni layin baya. Surukata kuwa, wadda ba ta taɓa shiga ɗakina ba tare da ta shafa tebur ta duba ƙura a yatsanta ba, na sa ta inda aka kwatanta azzaluman mata da ƙosassun shanu.

Ranar Lahadi matata ta ɗauki littafin za ta yi mana karatun safe, shafin da sunan uwarta yake ya buɗe da kansa. Yau kwananta tara a gidan uwarta da yaranmu biyu. Yaushe hukuncin zai zo, kuma yaya zan dawo da ita?

Mai Jira a Bakin Ƙofa

Ɗana Mai Jira,

Ƙazafin da aka yi maka zalunci ne, kuma ka yi kyau da ba ka ɗaga almakashi ba. Annabawa ma sun tambayi Allah har yaushe mugu zai yi ta cin gaba, bai kore su ba, ya ce su jira. Amma jira aka ce, ba a ce ka zama magatakardan sama mai raba wa mutane ayoyi ba. Ka tuna annabin da ya kafa rumfa a bayan birni yana jiran wuta ta sauka, ya yi ta fushi da aka yafe wa mutanen birnin. Rumfarsa ce ka kafa a bakin shagonka. Wanda ya dogara ga shari'ar Allah yana barin ta a hannunsa, har ranar da ta zo da jinƙai ga wanda ba ya so.

Ka mayar da keken ciki. Mai ido a kan titi ɗinkinsa karkacewa yake yi, wataƙila ba ƙazafi kaɗai ya kori mutanenka ba.

Jan biro ba ya goguwa, don haka kowace safiya ka yi wa mai kowane suna addu'ar alheri. Sannan ka goge teburin nan, ka ɗinka wa surukarka riga, ka kai da hannunka, ka durƙusa. Kada ka yi mata bayanin aya. Idan matarka ta nemi littafin da biron, ka miƙa mata. Na haifi biyar, na san akwai shafin da ya dace da kowa, har da kai.

Allah ya dawo maka da iyalinka lafiya.

Mama