Shuwakarki Saura Reshe Ɗaya

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Saratu,

Gaisuwa mai tarin yawa cikin sunan Yesu Almasihu, da fatan kina hutawa a inda zafin bazara ba ya kaiwa. Ni ce Rifkatu, autarki, daga Gashua. Wata bakwai ke nan da muka binne ki, sai yau na iya zama in rubuta miki. Zaman ma dai sunansa zama, don sau uku na tashi na leƙa bayan ɗaki kafin in gama wannan gaisuwar.

Mama, shuwakarki tana mutuwa a hannuna.

Ba ki san abin da ya sami lambunki na Nguru ba. Bayan rasuwarki Yaya Bitrus ya mayar wa mai gida makullinsa, wanda ya shiga kuma ya malale bayan gidan da siminti don ya samu wurin ajiye mota. Alayyafo, yakuwa, lemun tsami, har gwandar nan da kike faɗa da tsuntsaye a kanta, duk suka tafi a yini ɗaya. Kafin masu aikin su zo na yanki reshe uku na shuwakar da kika taho da ita daga garinku a kudancin Kaduna, cikin jiƙaƙƙen tsumma, tun kina amarya. Na dasa su a nan. Biyu sun bushe. Na ukun ganyensa ya nannaɗe, kullum sai na tsinci ɗaya a ƙasa.

Na ba shi taki, na yi masa rumfa da tsohon zanenki. Ruwa kuwa bokiti guda nake juye masa kafin in ruga makaranta koyarwa, in dawo in tarar da yashin fayau kamar ban zuba komai ba.

Sai na tuna ke ba da bokiti kike auna ruwa ba. Da waƙa kike aunawa. Alayyafo baiti ɗaya, lemun tsami biyu. Shuwaka kuwa waƙar yabon nan ta yarenku, baiti huɗu cif, kina tsiyaya ruwan da gwangwanin da kika huda da ƙusa. Kikan ce, “Wannan baƙuwa ce a ƙasar nan, kamar ni. A bi ta a hankali har waƙar ta ƙare.”

Ni kuwa a lokacin kunyar waƙar nake ji. 'Yan ajinmu rediyon unguwa suke ce miki. Da kin ɗaga murya da safe sai in shige ɗaki in ja ƙofa. Kin sha cewa in zo in koya, ina cewa gobe. Yarenku ma ban iya ba sai gaisuwa, Hausar Nguru ce ta raine ni. Yanzu baitin farko kaɗai ke bakina, shi ma rabi da rabi. Kuma tun ranar jana'izarki na daina waƙa. Ko a sujada bakina kawai nake motsawa.

Na tambayi matan zumunta na cocinmu, babu mai jin yaren. Na kira Yaya Bitrus, ya ce in je kasuwa in sayi shuwaka in huta. Na kashe wayar ban yi masa sallama ba, ki yafe mini.

Ranar Asabar na kasa zama, na shiga motar Nguru ban san wurin wa za ni ba. Ƙofar tsohon gidanmu ban iya ko kallonta ba, sai na faɗa gidan maƙwabciyarki, Hajiya Altine, wadda katanga ɗaya ta raba ku shekara ashirin da ɗoriya. Ta ba ni ruwa, na sha, na zayyana mata komai ina kuka.

Ta ce, “'Yata, ni ban san abin da Maman Bitrus ke faɗa a waƙar nan ba, ba addinina ba ne, ba yarena ba ne. Amma kullum waƙar ke raka ni shara. Tashi mu je.”

Ta kai ni gindin zogalenta, ta ɗauki buta, ta fara tsiyaya ruwa tana rera sautin, baki a rufe. Mama, muryarki ce. Baiti huɗun nan duka ta bi su, a hankali, har ruwan ya riƙa nutsewa a gindin bai gudu ba. A tsakiyar na uku sai ta yi shiru ta ja numfashi, sannan ta ci gaba. Na tambaye ta dalili. Ta ce ai haka waƙar take.

Ba haka take ba. A nan ne tari yake tsayar da ke a shekararki ta ƙarshe. Ita ta ji ta bayan katanga har ta haddace. Ni da na kwana ɗaki ɗaya da ke a watannin nan, ban taɓa lura ba.

Sau biyar ta maimaita mini har na riƙe. Kwana huɗu ke nan ina yi, da gwangwanin madara da na huda da ƙusa. Baitin farko da kalmomin da suka rage mini, sauran ukun baki a rufe. Maƙwabtana sun fara leƙe, ban damu ba. Ganye dai bai fito ba. Ɗazu na kankare bawon da farce, na ga ɗan kore a ciki, ban sani ba ko na dawowa ne ko na tafiya.

Ubangiji ya ba ki hutawa, ya sa ki cikin masu yabonsa da cikakken numfashi. Ya saka wa Hajiya Altine da alheri. Ya raya mini reshen nan, in kuma bai nufa ba, ya bar mini sautin. Amin.

Bari in tashi, rana ta yi sanyi, lokacin ban ruwa ya yi. Idan na kai tsakiyar baiti na uku ni ma tsayawa nake yi, Mama. Ina jiran ki gama tarin.

Taki har kullum,
Rifkatu